Gurbin Mijin Ayoko

Lome, unguwar Be, farkon Mayu

Kayivi,

Ina saurayi, ana gab da bikina da gwaggonki Tasi Ayoko, wani direba mai jigila tsakanin Lome da Aneho ya gaya mini wata magana a kan danginku. Ya ce gidan Amuzu ba sa riƙe suruki. Wai muddin 'yarsu na da rai, za su fito maka da kujera mai hannu, su zuba maka giyarsu ta sodabi da kansu. Ranar da aka rufe ta kuwa, in ba ta bar ɗa ba, kujera ta koma ɗaki. Ba faɗa, ba kora, kiran ne dai ba za a sake yi ba. Na yi dariya, domin a wannan tafiyar ce ya rantse mini cewa ya taɓa ɗauko wani kada daga bakin tafki, ya zauna a gidan gaba har Lome.

Kin ga tsufa, na fara da labari ban gaishe ki ba. Ina gajiya, ina aiki, ina sanyin Kanada? An ce yanzu ya sassauta, ƙanƙara ta narke har kuna ganin ƙasa. Ni lafiya ƙalau, in aka cire gwiwar hagu wadda ta daina shawara da ni, da idon da likita ya ce in rage masa kallon allon na'ura. Shi ya sa nake rubutu da biro, in ɗauki hotonsa in turo miki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin na'urorin tashar jirgin ruwa, yau ya koma biro.

Tsohuwar gidanku Da Akuele ta rasu. Na san kin sani. Ni ban sani ba sai bayan an binne ta da mako guda, kuma a bakin matar da ke kawo mini busasshen kifi ran Asabar na ji. Tana naɗe kifin take tambayata ko ciwon ƙafar ne ya hana ni zuwa, ta ce an yi taro, abinci har ya yi saura. Na ce mata eh, ƙafar ce. Akuele ita ta fara zaunar da ni a tabarmarta lokacin da kowa ke kallona a matsayin ɗan arewa mai cin gero. Ita ta koya mini cin wainarku ta ablo da yajinku ba tare da na zubar da mutuncina ba.

Bayan mai kifi ta tafi na duba waya. Saƙo na ƙarshe da ya zo mini daga shafin dangi tun ƙarshen shekara ne. Wataƙila ba ki tuna ba, kina ƙarama lokacin, amma ni na gina shafin nan bayan na yi ritaya. Tasinki tana zaune tana gyaran wake, tana jero mini mutane tun daga kan Amuzu babba, ni ina bugawa. Kowane ɗa na sa shi cikin ubansa, kowane miji ko mata cikin wanda ya auro shi, ƙwarya cikin ƙwarya, yadda take faɗa. Da muka zo kanta na tambaya ni ina za a sa ni. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "A cikina mana, da ina?"

An ce yanzu ke aka ɗora wa gyaran shafin. Na ji daɗi. Ban ce akwai matsala ba, tambaya ce kawai ta tsoho mai lokaci da yawa.

Naki,
Tonton Piyabalo

Kebek, tsakiyar Mayu

Tonton Piya,

Na gode da wasiƙa. Ina lafiya, aiki ne kamar zai kashe mu, akwai abin da za mu miƙa ƙarshen wata. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ka riƙa shafa mata man kaɗanya. A cikin bas na karanta, labarin kadan nan ya sa na yi dariya har wata tsohuwa ta matsa daga kusa da ni.

Da Akuele, Allah ya ji ƙanta. A waya na kalli jana'izar, hoton yana yankewa.

Shafin kuwa za ka so shi. Naka ya yi shekaru yana aiki, amma a ƙananan wayoyin da ke hannun mutanen gida nauyi yake yi, domin kafin a samo lambar mutum ɗaya sai na'ura ta buɗe ƙwarya tun daga kan kaka. Sai na rubuta ɗan gajeren umarni da ke shiga ciki ya fito da kowa, ya baje su. Yanzu kowane mutum kati ɗaya ne mai zaman kansa: suna, lamba, gari, gida. Ba wanda ke cikin wani. Duk abin da ba a buƙata na bar shi a tsohon fayil. Ga rubutun na haɗo maka, ka duba ka yi mini faɗa irin na malamai.

Batun saƙo, ina jin wayarka ce. Ka leƙa wurin da take jefa saƙonnin talla.

Sai na samu sarari,
Kayi

Lome, cikin Yuni

Kayivi,

Gaisuwa mai yawa. Ruwa ya sauka sosai, layinmu ya zama tafki, masu babur sai su tsaya a bakin titi su yi mini nuni da hannu in yi iyo. Gwiwa ta karɓi man kaɗanya, ta gode, ba ta canza hali ba. Ina fata kun miƙa aikin lafiya.

Na leƙa inda waya ke jefa talla. Akwai masu son sayar mini da fili, da wata da ke son aurena. Babu gidan Amuzu.

Sai na zauna da rubutun naki, na saɓa wa likita. Kayivi, hannunki ya yi kyau. A zamaninmu abin da kika yi a layi ashirin sai mu cika takarda huɗu, mu yi ta murna. Na bi shi a hankali kamar yadda kakata ke bin tatsuniya, ba ta tsallake ko da tsayuwar da kura ta yi ta sha ruwa. Ya shiga ƙwarya, in mai ita na da rai ya yi masa kati, ya yi wa matarsa ko mijinta kati, ya gangara wurin 'ya'ya. In mai ita ya mutu, ya wuce kai tsaye wurin 'ya'ya, ba ya waiwayar komai. A saman wannan layin kuma kin rubuta wa kanki tuni: matattu a tsallake, in ji Fo Messan.

Na daɗe ina kallon wurin. Ayoko ta mutu, ba 'ya'ya a ƙarƙashinta, ni kuma ina cikinta. Mai rubutu mai tsabta irin naki ba ya yin abu da ka, kuma ga sunan babban gida a rubuce. To, na gane. Ban ga laifinki ba, an aike ki ne, kuma kin fi direban nan ladabi wajen isar da saƙo.

Shekaranjiya ma na haɗu da shi Messan ɗin a asibiti, ya zo awon jini. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi ƙafa, ya tambayi ido, ya ce na rame, in riƙa cin abinci. Muka yi hirar ruwan sama da tsadar siminti. Ina ta jira ya ce mini sai mun haɗu a bikin dangi na Satumba, kamar yadda yake faɗa kowace shekara tun daga watan Maris. Aka kira lambarsa ya shiga.

Kada ki ce in koma garinmu Kara. Yayana ya rasu, 'ya'yansa sun san ni a matsayin murya a waya ranar sabuwar shekara. Harshen ma in na yi shi yanzu yara dariya suke yi, wai ina magana kamar rediyon da. Shekara arba'in da wani abu ina cin dambunku na yakayeke a ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar gidanku, a can na san wanda ke yin minshari a zaune da wanda ke ɓoye nama a aljihu.

Da safe nakan share tsakar gida, in ba kajin maƙwabta abin da ya rage, in kunna rediyo don a ji magana a ɗakin. Ba sai kin amsa wannan ba, na san aiki.

Tonton

Kebek, Agusta

Tonton Piya,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafara. Ina fata ruwan ya janye, ƙafa da ido sun yi sauƙi. Bayan mun miƙa aiki zazzaɓi ya kwantar da ni, da na tashi na tarar da saƙonni sun taru, na ga naka na ce sai na natsu zan karanta, don wasiƙarka ba a karanta ta a tsaye. Natsuwar ba ta zo ba sai makon jiya. Da na kai ƙarshenta sai na samu kaina zaune a ƙasan kicin.

Tonton, ba wanda ya aike ni. Abin da Fo Messan ya ce daban ne. Bara shafin ya tura wa lambar marigayi Fo Anani gayyatar biki da sunansa, wayar kuwa tana hannun matarsa, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Shi ne ya ce in hana saƙo zuwa ga matattu. Ni kuma na tsallake su da duk abin da ke cikinsu, ban tsaya na tuna cewa akwai masu rai a ciki ba. Na gwada rubutun da gidanmu, iyayena duka suna raye, ya fito daidai, na tafi na kwanta.

Da na bincika, ba kai kaɗai ba ne. Duk matan da mazansu suka rasu sun faɗo. Ba wanda ya lura, saboda 'ya'yansu na samun saƙon su gaya musu.

Gyaran bai ɗauke ni komai ba. Kowa ya samu katinsa. Amma kati yana da gurbin gida, kuma ka sani gayyata da sunan babban kowane gida take fita. Matan na rubuta musu gidan 'ya'yansu. Na zo kanka na tsaya. Da kana cikin Tasi, ba wanda ya taɓa buƙatar wannan tambayar. Yanzu da kake tsaye kai kaɗai, gurbin yana nan a buɗe, na'ura kuma ta ƙi tura saƙo sai an cika shi.

Sai na kira Fo Messan. Na faɗa masa komai, har da cewa laifina ne. Ya saurara, ya yabe ka sosai, ya ce a duk surukan gidan ba wanda ya kai ka zuwa jana'iza a kan lokaci, kuma kai ka kai mahaifiyarsa asibiti da motarka. Na ce to in rubuta gidansa? Sai ya ce a gidan Amuzu ta hannun mai rai ake kiran baƙo, tun kafin a haife shi haka ake, ba shi ya kafa ba. Na ce mutumin da ya shekara arba'in ba baƙo ba ne. Ya yi dariya, ya ce ke da ba ki kawo mana suruki ba, ke ce za ki yi mana shari'ar surukai?

Na matsa. Ina jin na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Sai ya ce, "Kayivi, na'urarki ba ta yi kuskure ba. Ta yi abin da muke jin nauyin yi ne. Ki bar shi yadda ta bar shi."

Na yi tunanin in ɓoye maka wannan, in ce an gyara kawai. Amma kai za ka karanta rubutun ka gane.

Ga abin da zan iya. Mabuɗin shafin a hannuna yake, ba wanda ke duba ciki. Zan iya rubuta gidan babana a gurbinka, gayyatar Satumba ta zo maka kamar ta kowa. In ba ka son haka, zan sa ka a matsayin mai kula da shafi, kwafin kowane saƙo ya riƙa zuwa maka, haihuwa da mutuwa da biki. Wannan ba ƙarya a ciki, kai ka gina shi. Ka zaɓa, yau zan yi.

Ranar da na fara baje bayanan na nemo katina. Kayi, lamba, Kebek, gida. Layi huɗu. A tsarinka sai an buɗe kaka da kaka da baba kafin a same ni a can ƙasa, a lulluɓe. Na ce wa kaina haka ya fi sauri, kuma gaskiya ne ya fi. A nan in na kwanta ciwo, mai kawo abinci ne kawai ke buga ƙofa, shi ma ajiyewa yake ya tafi.

Maganar direban nan da na yi wa dariya a bas. Ban da shi, akwai wanda ya taɓa gaya maka?

'Yarka,
Kayi

Lome, ƙarshen Satumba

Kayivi,

Na samu wasiƙarki, na gode. Yaya jikin? Zazzaɓin ƙasar sanyi ban san maganinsa ba, amma ki nemi citta da lemun tsami, in bai warkar ba zai sa ɗakin ya yi ƙamshin gida. Ni ina nan. Gwiwar dama ta ga ana shafa wa 'yar'uwarta mai, ita ma ta fara ƙorafi.

Na yi jinkiri da gangan, na bari bikin ya wuce, don kada ki yi wani abu cikin gaggawa saboda ni. Ki yafe mini zargin da na yi miki. Na karanta layi ɗaya na gina masa gida da katanga.

Tashi daga ƙasan kicin. Kuskuren nan kowa a sana'armu ya yi shi, gwaji da gidan da ba a yi mutuwa ba. Kuma kin ji da kunnenki, ba ke kika cire ni ba.

Na juya tayinki biyu kamar mai zaɓen doya. Na farko, a ce kin rubuta gidan babanki. Saƙo ya zo, na sa riga, na hau mota zuwa Aneho. Messan mutumin kirki ne, zai tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya sa a fito da kujera. Kowa a tsakar gidan zai san ba wanda ya kira ni, ni ma na sani, mu zauna muna cin abinci a kan haka. Daga baya a tambaya, a gano ke ce, ki zama yarinyar da ta je Kanada ta dawo tana gyara wa manya al'ada ta bayan gida. Kina da sauran shekaru masu yawa da za ki buƙaci mutanen nan.

Na biyun ya fi jan hankalina, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu ina son sa. Amma na hango kaina zaune da waya, ana ta shiga da fita a gidan da nake leƙe ta taga. An haifi wane, an binne wance, a zo da farar riga. Gara rediyo, shi ban san mutanen da yake kira ba.

Don haka ki goge katin nan mai gurbi a buɗe. Matan ki bar musu nasu. Tsohon fayil ɗin kuma kada ki taɓa shi, kada ki zubar in kin tashi shara. Ki bar ni a inda ta ce a sa ni.

Ranar biki na sayo garin masara na gwada yakayeke da kaina. Abin da ya fito, da a ce magini ya gani da ya tambaye ni inda nake saye. Na ci rabi a bakin ƙofa, kajin maƙwabta suka duba sauran suka wuce.

Abu ɗaya nake roƙo. In wani ya mutu a gidan, ko an haihu, ke ki gaya mini. Ba sai ranar ba, ba kuma sai da tsawo ba. Ki haɗa da abin da kika ci da abin da tsohuwar cikin bas ta yi. Ni kuma zan riƙa ba ki labarin gwiwoyi. In kika yi shiru zan ɗauka aiki ne, na yi alkawari ba zan ƙara gina katanga ba.

Naki,
Tonton Piyabalo

Na ninke takardar sai na tuna kin yi tambaya. Eh, na sake jin maganar. Wani suruki ɗan'uwana ya raɗa mini ita a wajen wata jana'iza, amma ya sha sosai ranar, ban ɗauka ba. Mai ɗinkin da ke yi mana kayan biki ma ta taɓa faɗa, ita kuwa ba wanda ba ta faɗi wani abu a kansa ba.

Ji na ƙarshe a asibiti ne, da rana tsaka, ina ɓare lemu. Aka ce mini maganar direba gaskiya ce, in shirya. Aka ce kada in yi fushi da su, ba mugunta ba ce, haka suka tarar. Aka ce in shirun ya yi yawa, in nemi wanda ya fi kowa nisa da gida a cikinsu in rubuta masa, shi zai amsa. Na ce maganin da ake ɗura mata ne ke magana, na miƙa mata lemun na ce ta daina shirme.

Tasinki Ayoko ce ta gaya mini.